Koya wa Yara Lissafin Kaso da Igiya: Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Ƙasar Sabon Birni da Isa

 

Maganar da zan yi yau a kan lissafi ce, kuma reshe guda ne kawai na lissafin, watau lissafin kaso: rabi, da sulusi, da rubu'i, da 'yan'uwansu. Na san wani zai ce a ransa, me ya haɗa hakimi da darasin 'yan aji uku? To, abin da ya haɗa su yana zuwa ƙofar gidanku kusan kowane mako. Mutum ya rasu ya bar gona a fadamar Rima, magada sun taru, wannan yana cewa an ƙware shi, waccan tana kuka ba ta san abin da aka ba ta ba. Manomi ya ɗaure damman gero yana tambaya nawa zai fitar. An aiko da taki buhu talatin a raba wa unguwanni huɗu. Duk wannan lissafin kaso ne, kuma inda mutum ɗaya tak ya iya shi a cikin taro, sauran sai su yarda da shi a makance, ko kuwa su zarge shi a makance. Ko wanne aka yi, a zaurenku maganar za ta kwana.

Wannan reshe kuwa shi ne inda yara da yawa su ke tuntuɓe. Yaro ya iya ƙirga, ya iya tarawa da ɗebewa, har malaminsa yana yabonsa. Ranar da aka rubuta masa 3/4 a allo, sai ka ga ya yi shiru. Ba a ƙasarmu kaɗai abin ya ke ba. A 2012 wani malamin jami'a a Amurka, Robert Siegler, shi da abokan aikinsa, suka bi labarin karatun dubban yara na Ingila da Amurka. Suka tarar yaron da ya gane lissafin kaso da rabawa yana ɗan shekara goma, shi ne galibi ya ke iya lissafin sakandare bayan shekara biyar ko shida, ko gidansu masu hali ne ko talakawa. Wanda ya wuce wannan mataki bai gane ba, da ɗingishi ya ke ƙarasa sauran tafiyar.

Me ya sa abin ke yi musu wuya? Dalilin farko yana cikin yadda a ke rubuta shi. Yaro yana ganin lamba a sama, lamba a ƙasa, da ɗan layi a tsakani, sai ya ɗauka lambobi biyu ne aka ɗora ɗaya bisa ɗaya. Ba ya ganin cewa 3/4 lamba ɗaya ce, kamar yadda 7 lamba ɗaya ce. Dalili na biyu yana cikin yadda mu ke magana a gida. A wurin yaro, rabi shi ne duk abin da aka gutsura. Za ku ji yana cewa, "Ba ni babban rabin." Alhali a lissafi babu babban rabi. In ɗaya ya fi ɗaya, babu rabi a cikinsu.

Yadda aka saba koyarwa shi ne malami ya zana da'ira a allo, ya ce wannan gurasa ce, ya tsaga ta huɗu, ya shafe uku da alli. Wannan ba laifi ba ne, kuma da shi ya kamata a fara. Amma gurasa tana da iyaka. In ka ce wa yaro ya nuna maka 5/4 a jikinta, sai ya ce ba ya yiwuwa, gama yanka huɗu ne kaɗai. In ka ce ya gwada 2/3 da 3/5 ya gaya maka wanne ya fi, gurasa biyu da aka zana da hannu ba za su nuna masa ba. Daga nan sai malami ya koma ba da ƙa'idodi a haddace, yara su rera su kamar waƙa, bayan hutu kuma su manta.

Dabarar da na zo in roƙe ku ku goyi bayanta ita ce layin lambobi. Kayan aikinta igiyar rama biyu ce, da 'yan turaku, da fili mai rairayi, abin da ba a rasa ba a ƙasar Gobir. Ga yadda a ke yi.

A miƙe doguwar igiya a ƙasa, a ja ta sosai. A kafa turke a farkonta, a ce wa yara sunan wannan wuri sifiri, watau ba a tashi ba tukuna. Sa'an nan a kawo gajeriyar igiya, mai tsawon kamar taku shida na babban mutum. Ita ce igiyar awo. A aza bakinta a turken sifiri, inda ta ƙare a kafa turke, a ce sunansa 1. A sake azawa daga nan, a kafa 2, a sake, a kafa 3. Malami ya tabbata tsakanin kowane turke da mai bi masa tsawon igiyar awo ne cif, ba ƙari ba ragi. Duk darasin a kan wannan ya dogara. Kun san duwatsun iyaka da Turawan Ingila da na Faransa suka kafa tsakanin 1906 da 1908, waɗanda suka bar Tsibiri a can, Sabon Birni a nan. Su ma an jera musu lambobi, amma nisan da ke tsakaninsu ba ɗaya ba ne, saboda haka lambar dutse ba ta gaya wa matafiyi yawan tafiyar da ya yi. Turakunmu irin alamun kilomita ne na bakin hanyar mota, waɗanda lambarsu awo ce.

In an kafa turaku, sai a tambayi yara, "Tsakanin sifiri da 1, akwai wata lamba?" Yawancinsu za su ce babu. A bar su da amsarsu. A kira yaro guda ya tsaya a tsakiya, a ce, "To, kai yanzu ina ka ke? Ka tashi daga sifiri, ba ka kai 1 ba. Wurin nan ba shi da suna?" Nan a ke ɗauko igiyar awo a haɗa bakinta biyu, a ninke ta, a aza daga sifiri. Inda ninkin ya tsaya a yi zane a ƙasa, a rubuta 1/2. A sake ninkewa, a sami rubu'i. A aza shi sau ɗaya, sau biyu, sau uku, sau huɗu, ana zane ana rubutawa: 1/4, 2/4, 3/4, 4/4. Ba sai malami ya faɗa ba, yaran da kansu za su yi ihu su ce 2/4 ya faɗa a kan rabi, 4/4 kuma ya faɗa a kan turken 1. Gani ya kori ji. Abin da a ke kwana uku ana bayani a allo, cewa kaso biyu masu rubutu daban suna iya zama abu ɗaya, ga shi sun gan shi da ƙafarsu: wuri ɗaya ne mai suna biyu, kamar mutum da sunan yanka da laƙabi.

Kada malami ya tsaya a turken 1. Ya ce wa yaron ya ƙara taku ɗaya na rubu'i. Ga 5/4 nan, wanda gurasa ta ce ba ya yiwuwa, yana zaune lafiya gaba da 1 kaɗan. Ya ci gaba har 8/4, ya tarar da kansa a turken 2. Daga nan yaro ya ke gane aikin lambobin nan biyu. Ta ƙasa tana faɗin girman taku, watau gida nawa aka ninke igiyar awo. Ta sama tana faɗin taku nawa aka yi. Sulusi ya fi wuyar ninkewa, sai an gwada an gyara har gida ukun su daidaita, kuma wannan wahalar tana da amfani, kada a hana yara ita. In sulusi ya samu, ninki ɗaya ya ba da sudusi.

Wanda aka fi ambata da fara bayyana lambobi a kan layi a rubuce wani malamin lissafi ne na Oxford a Ingila, John Wallis, cikin littafinsa na 1685, kuma shi ma da mutum mai tafiya ya yi misali, yana gaba yana komowa baya. Ɗan layin nan kuwa da a ke ja tsakanin lambar sama da ta ƙasa, a littattafan wani malamin Magrib, Abubakar al-Hassar, aka fara ganinsa a ƙarni na 12, kafin ya haye zuwa Turai. Na faɗi wannan ne domin masu cewa abin baƙo ne.

Gaskiyar magana ma, almajiran tsangayunmu sun riga 'yan boko sanin wannan layi, sai dai ba da wannan suna ba. Alƙur'ani izu sittin ne, kowane izu kuma an yi masa alama a gefen takarda: sumuni, rubu'i, nisfi. Almajirin da ya yi shekara biyu a gaban malam ya san sumuni biyu su ne rubu'i, rubu'i biyu su ne nisfi, sumuni takwas kuma izu ya cika. In ka tambaye shi ina ya kai, ya ce izu uku da rubu'i, ai wuri ya nuna maka a kan doguwar hanya mai turke sittin. Ba zai taɓa cewa sumuni ya fi rubu'i ba, don ya san wanne ya fi daɗewa ana wankewa. Amma ɗauki yaron nan ka kai shi aji, ka rubuta masa 1/8 da 1/4, ka ce wanne ya fi, sai ya nuna 1/8, domin takwas ta fi huɗu. Ilmin yana kansa, ba a dai gaya masa cewa abu ɗaya a ke nufi ba. Ina ganin hasara ce babba malamin firamare ya shekara yana fama da abin da malamin allo na bayan katangarsa ya riga ya shuka, su biyun kuwa ba su taɓa zama sun yi maganar ba. Hakimi ne kaɗai ke iya kiransu zaure ɗaya, su zo ba tare da wani ya ga an rage masa daraja ba.

Wannan kuskure na ɗaukar 1/8 ya fi 1/4 shi ne mafi yawa, kuma igiya tana kashe shi nan take, gama yaro yana ganin duk lokacin da aka ƙara ninki, takun ƙanƙancewa ya ke yi. Akwai kuma wani mai kama da shi. Ka ce wa yaro ya tara 1/2 da 1/3, sai ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya kawo maka 2/5. A takarda abin yana da kyan gani. Kai shi bakin igiya, ka ce ya nuna 2/5. Sai ya tarar wurin bai ma kai rabi ba. Ka tambaye shi, "Ka tsaya a rabi, ka ƙara tafiya gaba, yaya aka yi ka koma baya?" Ka bar shi da tambayar. In ya aza takun sulusi daga rabi, zai ga ya faɗa a kan zane na biyar cikin zanen sudusi, watau 5/6. Bayan ya ga haka ne ƙa'idar daidaita lambobin ƙasa ke da ma'ana a gare shi, don ya gane ana neman takun da zai auna duka biyun ne.

Igiyar ma tana da nata tarko, kuma ya kamata masu duba makarantu su san su. Yara da yawa suna ƙirga zane maimakon su ƙirga tazara. In aka raba tsakanin sifiri da 1 gida huɗu, zane uku ne a tsakiya, sai yaro ya ƙirga uku ya ce sulusi ne. Wani kuma ya fara ƙirga daga turken sifiri ya kira shi ɗaya. Maganinsa a sa shi ya yi tafiyar da ƙafa yana ƙirga taku da baki, domin taku a tsakanin zane ya ke. Tarko na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. In layi ya tashi daga sifiri ya kai 4, ka ce yaro ya nuna 1/2, sau da yawa sai ya ruga tsakiyar igiyar ya tsaya a kan 2. Ya nuna rabin igiya, bai nuna lambar da a ke kira rabi ba. Saboda wannan ne na ce tun ranar farko a kafa turaku har 3. Malamin da kullum layinsa a 1 ya ke ƙarewa ba zai taɓa gano yaransa suna da wannan ciwo ba.

Dā, kuɗi suna taimakon malami. Dattawan da ke nan sun tuna sule kwabo goma sha biyu ne, sisi rabinsa, taro rubu'insa, nai kuma rubu'i uku. Yaron da aka aika kasuwa yana koyon kaso ko bai shiga aji ba. Tun da aka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu, 1973, wannan makaranta ta rufe, yau kuwa da wuya yaro ya riƙe kwabo a hannunsa. Amma akwai sauran layukan lambobi a gari in an duba. Tef ɗin tela yana da inci da aka raba gida takwas, kuma telan da ke cewa inci talatin da biyu da rabi ya fi wani mai takardar shaida iya bayaninsa. Allurar man fetur ta mota layi ce daga sifiri zuwa 1. Sirinjin da a ke auna wa jariri magani layi ne, kuma uwar da ba ta iya karanta shi ba tana iya ba da ninkin abin da aka ce. Dare ma layi ne. In magariba ta faɗa ƙarfe bakwai, alfijir ya keto ƙarfe biyar, sa'a goma ke nan. Sulusinsa sa'a uku da minti ashirin, sulusin ƙarshe kuma ya fara ƙarfe ɗaya da minti arba'in. Yaran aji biyar suna jin daɗin wannan lissafi in azumi ya zo.

Yanzu in zo ga abin da ya fi shafarku, watau gado. Kason da aka ƙayyade a Suratun Nisa'i shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Duk mai karatun Risala ya tarar da su a babin fara'il. Lambar da ta fi ƙanƙanta wadda duka shidan ke raba ta ba saura ita ce 24. Saboda haka ga manyan yara, 'yan aji biyar da shida, ina ba da shawara a yi igiya ta musamman, a raba tsakanin sifiri da 1 gida ashirin da huɗu, a ɗaura ƙulli a kowane. Yin ta ba wuya: a ninke uku, sa'an nan a ninke biyu sau uku. A kan wannan igiya rabi taku 12 ne, sulusi 8, rubu'i 6, sudusi 4, sumuni 3, sulusi biyu kuwa 16.

Mu ce mutum ya rasu ya bar mata, da uwa, da ɗa namiji guda, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya aka sami dami 48. Yarinya guda ta tsaya a madadin matar, ta yi taku 3. Wata ta ɗora daga nan a madadin uwar, taku 4, ta tsaya a ƙulli na bakwai. Abin da ya rage har turken 1, taku 17, na ɗan ne. Dami 48 a gida 24, kowane taku dami biyu: mata 6, uwa 8, ɗa 34. Kowa a filin ya ga inda nasa ya fara da inda ya ƙare, kuma ya ga ba abin da ya ɓace a tsakani. Sa'an nan a ce, da mamacin bai bar ɗa ko jika ta wajen ɗa ba, da matar rubu'i za ta samu, taku 6. Yarinyar da ta taka wannan da ƙafarta, in Allah ya kawo ranar da za ta zauna a gaban masu rabo, ba wanda zai ce mata takwas ta fi huɗu ta yi godiya.

Akwai mas'alar da igiya ke nunawa fiye da kowane bayani. Mace ta rasu ba ɗa, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, taku 12. 'Yan'uwan suna da sulusi biyu, taku 16. Yaron farko ya yi nasa ya tsaya a tsakiya, na biyu ya ɗora, sai ga shi ya wuce turken 1 da taku huɗu. Jimla ta zama 28/24, watau 7/6. Dukiya ta ƙare, rabo bai ƙare ba. Wannan shi ne abin da malamai ke kira auli, kuma an ruwaito a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi aka fara fuskantarsa, ya shawarci Sahabbai, aka tsaya a kan a rage wa kowa gwargwadon kasonsa. A raba dukiyar gida bakwai maimakon shida, miji ya ɗauki uku, 'yan'uwan huɗu. In yara suka nemi 3/7 a kan igiya, za su tarar da shi baya da rabi kaɗan, su ga girman abin da aka rage wa mijin. Haka kuma mas'alar nan da a ke kira Mimbariyya, wadda a ke dangantawa ga Sayyidina Aliyu: mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa, da uba. Taku 3, da 16, da 4, da 4, jimla 27. Kason matar ya koma uku cikin ashirin da bakwai, watau tusu'i, bayan da farko sumuni ne. Yaron da bai yarda akwai lamba gaba da 4/4 ba, ba shi da ƙofar shiga wannan babi ko kaɗan.

Ba ina cewa a mai da 'yan firamare alƙalai ba ne. Wane ne magaji, wane ne aka shamakance, wannan hukunci ne, na malamai ne da kotu. Lissafin da ke bayan hukuncin shi ne na kowa. Magabata ba su raba su ba: littafin da Muhammadu ɗan Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wanda daga sunansa aka sami kalmar aljabara, babban sashensa a kan lissafin wasiyya da gado ya ke.

Zakka ma haka. Abin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ushiri a ke fitarwa, 1/10. Abin da aka shayar da wahala, kamar shinkafa ko alkamar da masu injin ban-ruwa ke nomawa da rani a bakin Rima da Bunsuru, rabin ushiri ne, 1/20. Kuɗi da kayan ciniki rubu'in ushiri, 1/40. Ga lambobin ƙasa suna hawa, goma, ashirin, arba'in, abin fitarwa kuwa yana sauka. Buhu sittin na damina shida a ke fitarwa, buhu sittin na ban-ruwa uku. A kan igiya ninki ne kawai: a sami ushiri, a ninke shi, a sake ninkewa. In an zo darasin kashi cikin ɗari, a raba igiyar gida ɗari, yara su ga 1/40 ya faɗa tsakanin zane na biyu da na uku, su gane inda "biyu da rabi cikin ɗari" ya samo asali.

Na san halin da ƙasar nan ta shiga a 'yan shekarun nan. 'Yan bindiga sun tayar da ƙauyuka, mutane sun taru a Sabon Birni da Isa, wasu sun haye Nijar, kuma karatun yara da yawa ya yanke. A nan garin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya na ƙasa a 1999, kuma ba sai na gaya muku nisan da ke tsakanin abin da aka yi niyya da abin da ku ke gani ba. Ba zan ce igiya za ta gyara wannan ba. Abin da zan ce kawai, darasin nan ba ya jiran gini, ko benci, ko littafi daga birni. Inda duk aka tara yara ashirin a gindin bedi, a gidan da aka sauke baƙi ko a harabar masallaci, ana iya yinsa, kuma yaro mai shekara goma sha biyu da ya rasa aji uku yana kama shi cikin 'yan kwanaki, gama irin wannan yaro ya riga ya san awo a kasuwa.

Abin da na ke roƙo gare ku, ranku ya daɗe, kaɗan ne. In kun fita rangadi kuka shiga makaranta, kada ku tsaya ga rajista kaɗai. Ku sa a ja layi a ƙasa daga sifiri zuwa 3, ku kira yaro daga bayan aji, ba wanda malami ya zaɓa ba, ku ce ya tsaya a kan rabi. In ya tsaya tsakanin sifiri da 1, madalla; in ya tafi tsakiyar layin, kun san inda aikin ya ke. Ku kira yarinya ku tambaye ta, sumuni da rubu'i wanne ya fi kusa da sifiri, ta nuna da ƙafa. In sun ci waɗannan, ku ce a nuna muku 7/6. Kada a kunyata malami a gaban yaransa in sun kāsa. Da yawa daga cikin malaman nan su ma da haddar ƙa'ida aka koya musu, kuma in aka yi musu magana a keɓe, rana ɗaya ta ishe su su kama dabarar.

Ku kuma malaman hakimai, ku rubuta sunan makaranta, da aji, da yawan yaran da aka tambaya, da yawan waɗanda suka amsa daidai, maza daban mata daban, ku sa kwanan wata. In aka komo bayan wata uku a sake tambaya a rubuta a ƙarƙashinsa, a aika wa sakataren ilmi na ƙaramar hukuma da kwafi. Igiyar awo kuwa a sa mai tufka ya yi ta da rama mai kauri, a jiƙa ta a shanya kafin a yi mata ƙulli, don sabuwar igiya tana miƙewa in an ja ta, turaku su tashi daga wurinsu. A bar ta hannun shugaban makaranta, a kuma gaya masa ba ta ɗaurin akuya ba ce.

Iyakar abin da ke gare ni ke nan.